Ɗamarar Ƙirji Ba Maƙaryaciya Ba Ce: Raddi Ga Masu Cewa "Rabu Da Ita"



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu tseren keke da masu hawansa don motsa jiki. Mutum yana tafe, ya duba mitar da ke kan kekensa, ya ga wai zuciyarsa tana bugawa sau 225 a minti ɗaya, alhali ko haki bai fara ba. Ko kuma yana tsakiyar hawan tudu, numfashi na neman ƙwacewa, lambar ta tsaya cak a 92 ta ƙi motsi. Ya nuna wa na kusa da shi, sai a ce masa: "Rabu da ita, ƙarya take yi. Duk haka suke." A yi dariya, a ci gaba da tafiya.

Wannan magana muke so mu yaƙa yau. Muna ganin ta fi kowace lalacewar na'ura haɗari, domin na'ura ana gyara ta, amma wanda ya saba da ƙaryata ma'aunin zuciyarsa ya toshe kunnen da zai ji gargaɗi ranar da gargaɗin ya zama na gaske. Matsayinmu a fili yake: ɗamarar ƙirji da ke ba da lambar banza ba a haƙuri da ita, ba a kuma jefar da ita a huce. Ana bin diddigin abin da ya same ta har a gano shi. Wanda ya ƙi yin haka, da ransa yake caca.

Mu fara da sanin abin da muke ɗaurawa. Duk lokacin da zuciya za ta buga, wata 'yar wutar lantarki ce ke bi ta cikin tsokarta ta sa ta matse. Kaɗan daga wannan wuta na isowa fatar ƙirji, kuma ƙarfinta a nan kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt ɗaya. Batirin tocila yana da bolt ɗaya da rabi, sai ku kwatanta. Wannan 'yar wuta ce Willem Einthoven, wani likita a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya auna a farkon ƙarni na 20 da wata na'ura mai nauyin kusan kilo 270, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Abin lura shi ne yadda yake ɗauko wutar daga jikin mutum: sai majiyyaci ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri. Busasshiyar fata ba ta barin wuta ta wuce, ruwan gishiri kuwa hanya ce gare ta.

A 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fito da ma'aunin bugun zuciya na farko da ɗan wasa zai ɗaura ba tare da waya ta haɗa shi da komai ba. Kilo 270 ya koma abin da bai kai nauyin wayar hannu ba, amma dokar ba ta canza ba. Faifan roba biyu da ke cikin ɗamarar su ne hannuwan da ake tsomawa, gumin jikinka shi ne bokitin ruwan gishiri. Ɗan akwatin da ke maƙale a gaba yana ƙirga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ya aika wa mitar keke ko waya ta Bluetooth ko ANT+. Ke nan abin da ke ƙirjinka ƙanin na'urar awon zuciya ta asibiti ne. Idan ya yi shirme, a mafi yawan lokuta an hana shi jin zuciyar ne, ko kuma an cika masa kunne da wata hayaniya.

Wace hayaniya? Mu da muke ƙasar hunturu mun fi kowa saninta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, fata ta bushe, mutum zai yi tafiyar minti goma sha biyar bai yi gumi ba. Sannan kowa ya shafe jikinsa da basilin ko man kaɗe don maganin kaushi, shi kuwa mai katanga ce tsakanin fata da faifan roba. A kan wannan sai a ɗora rigar nailan, irin wadda in ka cire ta da dare a cikin duhu kake jin ƙas-ƙas kana ganin tartsatsi. Wannan tartsatsin wuta ce, kuma ta ninka wadda zuciya ke aikowa sau dubbai. In ka kama gangara iska tana kaɗa rigar a ƙirjinka, ɗan akwatin yana ƙirga kaɗawar riga a matsayin bugun zuciya. Daga nan 225 take fitowa. Mai wannan hali da ke zagin ɗamara ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Maganin bai kai kuɗin ruwan leda ba. A jiƙa faifan robar sosai kafin a ɗaura, a jiƙa fatar wurin, kada a shafa mai a ƙirji ranar hawa. Wanda fatarsa ke saurin bushewa ya nemi man nan mai santsi da ake shafawa a asibiti wajen awon zuciya, ɗigo ɗaya a kowane faifai ya isa. A sa riga mai kama jiki wadda iska ba ta kaɗawa, ko a yayyafa mata ruwa a gaba. A ɗaure ɗamarar a ƙasan tsokar ƙirji, ta kama sosai yadda ba za ta zame ba in an sunkuya a kan keke, domin sunkuyon nan yana ɗaga faifan daga fata ga wanda bai da ƙiba. Wasu ma juya ta suke yi ta koma baya, ta yi aiki lafiya lau.

Sai gishiri. Gumin da ke taimakon ɗamara yana jiƙe, shi ne ke kashe ta in ya bushe a jikinta. Yana taruwa a cikin zaren, ya ci maɓallan ƙarfen nan biyu da ke riƙe ɗan akwatin har su yi kore. Mutane nawa ne ke dawowa daga hawa su cusa ɗamara cikin jaka tare da safa, ba za su sake ganinta ba sai wani makon? A ɓalle ɗan akwatin bayan kowane hawa, a ɗauraye ɗamarar da ruwa, a shanya a inuwa. Lokaci-lokaci a wanke da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, ban da ruwan laushin tufafi, ban da guga. Ɓalle akwatin yana da wani amfanin: muddin yana manne da jiƙaƙƙiyar ɗamara yana iya zama a farke, yana cin batir a banza.

Batirin ma abin dubawa ne. Yawancinsu ɗan faifan nan mai bolt 3 suke ci, CR2032 ko CR2025, kuma lambobin girma suke nufi: faɗin milimita 20, kaurin 3.2 ko 2.5. Wanda ya sa siriri a gurbin mai kauri zai ga lamba tana zuwa tana ɗaukewa duk lokacin da ya faɗa rami. Batirin da ya daɗe a rana a kan tebur yana iya nuna bolt 3 a mita amma ya durƙushe da zarar an ɗora masa aiki. Wasu batiran kuma an shafa musu wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, shafin yakan hana su haɗuwa da ƙarfen ciki. Akwai kuma laifin da ba na ɗamara ba ne ko kaɗan: tsofaffi da yawa na'ura ɗaya kawai suke iya kamawa ta Bluetooth a lokaci guda, saboda haka wayar da ke aljihunka tana iya riga mitar keke kamawa, kai kuma kana can kana cewa ɗamara ta mutu.

In duk an yi wannan abin bai daidaita ba, a raba gardama. Ɗamara guda biyu ce a haɗe: ƙyallen da ɗan akwatin. Maɓallan kamfanoni da dama tazararsu ɗaya, don haka ka ari ƙyallen abokinka ka manna akwatinka, shi ma ya manna nasa a naka. Hawa ɗaya zai nuna mai laifi. Ko ka kai wa mai gyaran waya, irin waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, ya ɗora mitarsa tsakanin maɓalli da faifan roba a kowane gefe. In gefe ɗaya ya yanke, ƙyallen ya gama yayi. Sau da yawa shi ne ke fara mutuwa, domin shi ke shan ja da lanƙwasa da gishiri, kuma ana sayar da shi shi kaɗai a kan kuɗin da bai kai na cikakkiya ba.

A nan muna da magana da kamfanonin su ma. Sun san ƙyallen abu ne mai ƙarewa kamar tayar keke, amma ba haka suke tallata shi ba. Wasu ma sun ɗinke akwatin a jikin ƙyallen yadda in ɗaya ya mutu sai a binne su tare. Ga wanda ke zaune a inda ake kawo masa sabo ƙofar gida washegari, wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda sai ya yi odar kaya daga waje da kuɗin dala, ya jira makonni, zalunci ne. Shawararmu ga mai saye: kada ka sayi wadda ba a ɓalle akwatinta, kada ka sayi wadda ba za ka iya canza mata batir ko ka yi mata caji da kanka ba. Kuɗinka ne ƙuri'arka.

Yanzu ga masu cewa a huta da wahala, agogon hannu ya isa. Agogo ba ya jin wutar zuciya. Koren haske yake haskawa cikin fata, ya auna yadda hasken ke dawowa yayin da jini ke ƙaruwa yana raguwa. A zaune ko a kwance yana ƙoƙari. A kan keke kuwa, wuyan hannu a lanƙwashe yake, yatsu sun damƙe kan keke, tsoka ta matse jijiyoyi, hanya tana girgiza agogon. Wani lokaci sai ya kama girgizar hanya ko juyin feda ya ɗauka bugun zuciya ne. Yana kuma jinkiri: ka taka da ƙarfi na daƙiƙa 30, kafin ya farga ka gama. Ga shi launin fata mai duhu yana shanye koren haske fiye da fara, abin da masu bincike ke ta muhawara a kan girman tasirinsa. Ɗamara babu ruwanta da launin kowa. Abin da ya fi damunmu da agogo shi ne kuskurensa mai ladabi ne. Ɗamara in ta ɓata sai ta ce 225, kowa ya gane. Agogo sai ya ce 138 alhali kana 165, ka yarda, domin lambar ta yi kama da gaskiya. Wanda fatarsa ba ta jure ɗamara, gara ya nemi irin mai hasken da ake ɗaurawa a dantse, inda girgiza ba ta kai ta wuyan hannu ba.

Sai manyan 'yan ƙwalisa masu ma'aunin ƙarfin feda, waɗanda ke cewa zamanin bugun zuciya ya wuce. Ma'auninsu yana faɗin abin da ƙafa ta bayar. Bai san nawa jiki ya biya ba. Wat 200 da asubahin Disamba daban yake da wat 200 da azahar ɗin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A cikin zafi jini yana karkata zuwa fata don ya sanyaya jiki, ruwan jiki yana raguwa ta gumi, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi ko da ƙarfin takun bai canza ba. Ɗamara ce kaɗai ke nuna maka wannan hawan a hankali, ta ce ka sha ruwa, ka sassauta. Haka in zazzaɓi na tafe ko gajiya ta taru, bugun zuciya yakan riga mutum sani. Wanda ya yar da wannan don ya sayi abu mai tsada ya rufe ido ɗaya ne da gangan.

Kada kuma a ɗora wa ɗamara laifin lissafin da ba nata ba. An yaɗa cewa iyakar bugun zuciyar mutum ita ce 220 a debe shekarunsa. Wannan ƙiyasi ne da ya fito tun farkon shekarun 1970. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka kawo wani: a ninka shekaru da 0.7 a debe daga 208. Duka biyun matsakaicin jama'a suke faɗa, kuma mutum ɗaya yana iya saɓa musu da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa. Ɗan shekara 40 da ya ga 188 a ƙarshen tudu mai tsawo, lambar ta hau a hankali ta sauka a hankali, ba lallai ne na'urarsa ta lalace ba don kawai takarda ta ce 180. Tasa zuciyar ke nan.

To, ga inda maganar take da nauyi. A 2013 Lennard Zinn, wani maƙerin kekuna kuma marubuci a garin Boulder na jihar Colorado a Amurka, yana hawan wani dutse da ya saba hawa, sai ya ga lambar bugun zuciyarsa ta yi tsalle ta haura 200 ta zauna a can. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne na'ura ce ta rikice. Ashe zuciyar ce. Likitoci suka tabbatar masa da ciwon rikicewar bugun zuciya, daga baya shi da Chris Case da likitan zuciya John Mandrola suka rubuta littafi a kan lamarin, The Haywire Heart, wanda ya fito a 2017. Ba shi kaɗai ba ne. Elia Viviani na Italiya, mai lambar zinare ta gasar Olamfik, an yi masa aikin gyaran bugun zuciya a farkon 2021 bayan ya lura da saurin da bai saba ba yana atisaye. Peter Sagan, wanda ya zama zakaran duniya sau uku a jere, shi ma an yi masa irin wannan aiki a 2024. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan mutane fiye da 50,000 da suka shiga tseren ƙanƙara na Vasaloppet a Suwidin ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan shiga tseren sun fi fuskantar rikicewar bugun zuciya. Motsa jiki alheri ne, babu mai musu. Amma ƙarfin ƙafa ba shaidar lafiyar zuciya ba ne.

Yanzu ku ɗauki mutumin da ɗamararsa ta shekara tana nuna masa 225 duk safiya, abokai suna ce masa rabu da ita. Ranar da 225 ɗin ta zama gaskiya, me zai yi? Zai ƙwanƙwasa mitar da yatsa, ya yi tsaki, ya ƙara taka feda. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ce haƙuri da lalatacciyar ɗamara ya fi rashinta muni. Wanda ba shi da ita yana sauraron jikinsa. Wanda ke da mai shirme ya koyi yin biris da na'urar da jikin gaba ɗaya.

Yaya ake bambancewa? Shirmen na'ura yakan zo a farkon hawa kafin gumi, ko a gangara cikin iska, lambar tana tsalle sama da ƙasa ba tsari, kuma in ka jiƙa faifan ko ka danne ɗamarar da hannu sai ta dawo daidai. Na zuciya yana iya zuwa a tsakiyar hawa jiki sharkaf da gumi. Lambar takan yi tsalle lokaci guda ta zauna a sama ko ka daina taka feda, sannan ta faɗo lokaci guda. Sau da yawa akwai rakiya: faɗuwar gaba, jin kamar tsuntsu na fuffuka a ƙirji, jiri, ƙafa ta mutu ba dalili. Alƙalin da ba ya cin batir kuwa yana hannunka. Ka tsaya a gefen hanya, ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In yatsa ya ce 110 mita ta ce 220, na'ura ce. In yatsa ya kasa ƙirgawa don sauri, ko bugun yana zuwa a hargitse, hawa ya ƙare a ranar. Kada ka goge bayanan hawan, ka kai wa likita ya gani, domin irin wannan ciwo yakan ɓuya a ranar da aka je asibiti, shi ya sa ake ɗaura wa mutum na'urar da ke kwana a jikinsa tana naɗar bugun. Ɗamara ba ta gano sunan ciwo, aikin likita ne. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi dawowa, ko mutum ya suma, ba a jiran komai, asibiti kai tsaye.

Wani zai ce mun tsorata mutane a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba. Gaskiya ne, a cikin tsalle-tsallen lamba masu yawa, kaɗan ne na zuciya. Amma kuɗin tantancewa daƙiƙa 15 ne da yatsu biyu. Wane irin sauri ake yi da ba za a iya biyan wannan ba? Wani kuma zai ce kakanninmu sun yi ta taka keke daga ƙauye zuwa birni da buhu a baya ba su san wata ɗamara ba. Haka ne, kuma wanda ya zaɓi ya hau babu na'ura bai yi laifi ba. Yana da ma'auni mai kyau a bakinsa: in yana iya hira yana tafe a sauƙaƙe yake, in kalma biyu-uku kawai ke fita ya matsa, in magana ta gagara ya kai ƙarshe. Rigimarmu da wanda ya ɗaura ne, yana tsara atisayensa da lambar, yana yanke hukuncin hutu da ƙoƙari da ita, sannan ya ce ai dama ƙarya take yi. In ƙarya take yi, me kake aunawa?

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu keke da duk wanda ake jin maganarsa a cikin ayari: ku kashe kalmar nan ta "rabu da ita". In wani ya ce lambarsa ta haura, a tsaya, a taɓa jijiya, a tambaye shi yadda yake ji. In na'ura ce, a taya shi gano ko ruwa ne, ko riga, ko batir, ko ƙyalle, kafin hawa na gaba. Jiki magayi ne, ɗamara kuma tafinta ce kawai. Ana gyara tafinta ne don a ji abin da mai maganar ke faɗa.

Wanda yake da ja a kan wannan, fili nasa ne, ya kawo hujjarsa.